Dalilin Da Ya Sa Nake Kankare Fentin Bature Daga Jikin Jirgina

Ranar Asabar da ta gabata wani Alhaji maƙwabcina a nan Agege ya shigo mini ba zato, ya tarar da ni sunkuye a kan tebur, tabarau a karan hanci, ina riƙe da wani ɗan siririn burushi ina shafa wa tarago fenti. Tsawon taragon bai wuce rular 'yan makaranta ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Da furfurarka?" Na ce, "Lafiya lau Alhaji, jirgin Kano nake haɗawa." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to in ya tashi a ajiye masa kujera a faskila.

Ban ji haushi ba, domin uwargida ma ta sha faɗin abin da ya fi wannan. Amma tunda magana ta fito, bari in yi bayani.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, wasu da jikokinsu, waɗanda abin sha'awarsu shi ne haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu kama da na gaske sak. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Hornby a Ingila da Märklin a Jamus. Kuma ba da ka ake ƙera su ba, da awo ne. A ma'aunin da ake kira HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana rage komai na jirgin gaske sau 87. Turawan Ingila sun fi son nasu mai suna OO, wanda ake ragewa sau 76. Dukkansu biyun kan dogo iri ɗaya suke gudu, mai faɗin milimita 16.5, kuma ta jikin dogon ne lantarki ke shiga ɗan injin da ke cikin kan jirgin.

Nawa na farko a gwanjo na tsince shi, cikin kwalin tarkacen kayan wasan yara: kan jirgi ɗaya na dizal da taragu uku, shuɗi da toka-toka, irin na Ingila. Na kawo gida na wanke, na goge ƙafafunsa, ya tashi. Na yi mako guda ina murna, daga nan sai abin ya gundure ni. Jirgin yana da kyau, amma ban san shi ba. Ban taɓa shigarsa ba, ubana bai taɓa shigarsa ba.

Ni kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo mu Kurmi. Dogo ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri sai 1964. Ta kansa gyaɗa da fata da shanu suka riƙa gangarowa Kudu, goro yana haurawa Arewa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataken goro ya biyo har ya yada zango a Agege, kuma duk hutun makaranta a jirgi ake tura mu gida, daga Iddo, mu kwana mu wuni, mu ƙetare gadar Jebba muna leƙen Kwara ta taga. Wannan jirgin nake so a kan teburina. Na duba kundin kamfanonin nan har na gaji, na ga na Jamus, na Amurka, na Switzalan, ban ga namu ba. To in ba ni na yi ba, wa zai yi mini?

Sai na fara kankarewa. A nan na yi wautar farko: na ɗauko tina irin ta masu fentin mota na tsoma tarago ɗaya a ciki. Kafin in idar da sallar La'asar robar ta yi laushi ta lanƙwashe kamar ɗanko. Daga baya na gane barasar goge-goge mai ƙarfi ita ce daidai, a jiƙa gangar jikin ta kwana, a bi da tsohon burushin haƙori a hankali. Bayan an wanke da sabulu ya bushe, sai a fesa fentin shimfiɗa mai launin toka ko fari. Ruwan ɗorawa ake fara sawa, domin ba ya rufe launi mai duhu ko an shafa sau biyar. In ya bushe a liƙe shi da tef, sannan a kawo kore. Duk wannan da sauƙi a faɗa. A Legas da damina iska cike take da laima, fenti sai ya yi kwana biyu yana danƙo, da hunturu kuma ƙura ce za ta sauka ta manne a kai. Yanzu a ƙarƙashin babbar robar abinci ta uwargida nake kife shi, ita kuma tana cigiyar robarta.

Rubutun jikin tarago shi ya fi ba ni wuya. Na'urar buga takarda ta gida ba ta da farin tawada, don haka duk harafi mai haske sai dai dabara ko hannu. Maƙallan ƙofa kuwa da siririyar wayar tagulla nake lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abokin sha'awa, Bayarabe ne a Ibadan, da muke musayar hotuna. Shi a ganinsa ɓarna nake yi. Ya ce tsohon jirgi da fentinsa na asali da kwalinsa kadara ne, ranar da ka kankare shi ka zubar da kuɗinsa. Ta fuskar kasuwa yana da gaskiya, kuma da wani abu mai wuyar samu ne ya faɗo hannuna ba zan taɓa shi ba. Amma irin waɗanda nake saye an buga su dubbai, suna nan jibge a kabad-kabad na Ingila. In ɗaya ya rasa shuɗin fentinsa duniya ba ta yi asarar komai ba. Taragon Iddo zuwa Kano fa, mutum nawa ne suke da shi a kan tebur?

Inda muka fi saɓawa shi ne maganar datti. Ni in na gama fenti tsaf, sai in koma in tsufar da shi. In kankaro alli mai launi ya zama gari, in bi ƙasan taragon da ja-ja irin na jar ƙasa, in sa baƙin hayaƙi a rufin kan jirgi, in ɗiga tsatsa a gindin ƙafafu, in kashe ƙyallin koren yadda rana ke kashe shi. A ƙarƙashin wata taga har ɗan jan tofin goro na sa. Abokina ya ce wannan tona asirin ƙasa ne, me ya sa ba zan nuna jirginmu yana sheƙi ba? Ni kuwa ban taɓa shiga jirgi mai sheƙi ba ina yaro. Wanda na sani ya sha ƙurar hanya ta fi kilomita dubu kafin ya shiga Kano. In na yi shi fes, na yi wa 'ya'yana ƙarya, kuma ƙaryar ba ta ƙara wa Najeriya daraja ko ta sisin kwabo. Su kansu Turawan da muka koya a wurinsu haka gwanayensu ke yi, suna ɓata makonni wajen kwaikwayon tsatsa.

Sai dai akwai ƙaryar da na kasa kauce mata, kuma gara in faɗa da bakina. Tsohon dogonmu faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. In ka rage shi sau 87, abin da zai ba ka bai wuce milimita 12 da ɗoriya ba. Dogon da ke kan teburina mai 16.5 kwaikwayon babban dogo ne mai milimita 1,435. Ashe jirgina ya buɗe ƙafa fiye da kima. Masu wannan sha'awa a New Zealand, waɗanda dogonsu ɗaya da namu, sun warware matsalar ta hanyar ƙara girman jirgin, su rage sau 64 kawai, sai dogon ya zo daidai. Wannan kuwa yana nufin ƙera gangar jiki daga tushe. Abin dariyar shi ne sababbin jiragen Abuja zuwa Kaduna na 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021 su ne suka dace da dogona cif, ni kuma ba su ne a raina ba.

Ƙera daga tushen nan nake son shiga, kuma a nan ne abin ya daina zama wasa. Ba a ƙera abu sai da awo. Na je gidan tarihin reluwe na Jaekel House da ke Ebute Metta, na ga tsofaffin hotuna da kayan aiki, na ji daɗi ƙwarai. Amma tsofaffin taragu da kawunan jirgi da ke yashe a gefen tashoshi kullum raguwa suke yi, ruwa na ci, 'yan gwangwan na ci. Kawunan jirgi masu aiki da kwal da aka kawo daga Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan, yaranmu ko labarinsu ba su ji ba. Tsofaffin direbobi da makanikan da suka san su ciki da bai suna ta tafiya. Shi ya sa yanzu duk inda na ga tsohon tarago, in an ba ni izini, nakan fito da tef ɗin awo da littafi: tsawon taga, tazarar ƙofa, tudun rufi. Mutane su taru suna kallona, wasu su ɗauka ɗan kwangila ne.

Shekaranjiya Alhaji ya sake shigowa, wai ya zo duba kujerarsa. Ya ɗauki taragon ya juya shi ya sake juyawa, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Malam, ruwan ɗorawar nan ta yi haske da yawa, namu ya fi wannan dushewa. Kuma ina mutanen da ke tsaye a bakin ƙofa?" Ya zauna ya fi awa guda yana ba ni labarin ranar da suka kwana biyu a Minna da huhun goro goma sha biyu, yana ta yayyafa musu ruwa kada su bushe. Na rubuta duk abin da ya faɗa, fentin kuma zan sake shi.

Don Allah duk wanda ke da tsohon hoton tarago ko na tasha, musamman Zariya, Kafanchan ko Offa, ko da ya yage, ya taimaka ya ɗauke shi da waya ya aiko mini. Wanda ya nuna gefen tarago sosai, tagogi da rubutun jiki, shi na fi buƙata.