CNSS: Nawa Yaro Zai Biya, Nawa Ubangida Zai Biya?

'Yan kasuwar Garhanga, Madawa da Buza, duk mai shago ko mai siton albasa da ya ɗauki yaro aiki bisa albashi, doka ta ce ya yi masa rajista a CNSS, asusun da ke biyan ma'aikata fansho.

Lissafin ba wuya. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata. Ana cire wa yaro kashi 5,25 cikin ɗari, wato sefa 2.205. Ubangida kuma ya ba da kashi 16,40 daga aljihunsa, ba daga albashin yaro ba, sefa 6.888 ke nan: fansho 6,25, kuɗin iyali 8,40, haɗarin aiki 1,75.

Mun san da yawanku za su ce ciniki bai kai ba. To, mu duba na haɗarin nan: dala 147 kacal a wata. Ranar da yaro ya faɗo daga kan motar albasa a hanyar Tawa, in babu rajista, kuɗin asibiti daga jarin ubangida zai fito, ko kuwa uwar yaron ta sayar da akuyarta.