Zuwa Ga Masu Raya Tsofaffin Asake



Wata aska ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ƙirar Sheffield ce ta Ingila, da tambarin Wade & Butcher a wuyanta, ta haura shekara 100 a duniya. Kafin ta iso hannuna wani ya ɗora ta a kan injin gogewa har ta yi ƙyalli kamar madubi, amma bakinta ya yi shuɗi. Kun san ma'anar wannan shuɗin: zafi ya cinye taurin da maƙerin farko ya ba ƙarfen. Ko an kwana ana wasa ta, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin tsatsa ta yi shekaru ba ta kashe ta ba, sai mai gyara.

Don Allah ku rage son ƙyalli. Jar tsatsa dole ta fita, domin cin ƙarfe take yi. Amma baƙin tabon da ya kwanta lumui ba ciwo ba ne, furfura ce. Ku bi shi da hannu, da samfefa mai laushi da ɗigon mai, ku san inda za ku tsaya. Zanen ruwan zinare da ke jikin asaken Solingen na Jamus kuwa, shafa kaɗan ke share shi har abada.

Kafin ku ɓata yini kuna goge jiki, ku fara duba baki. Ku ɗora askar a kan dutsen washi mai lamba 1000, ku ga ko za a kai ga lafiyayyen ƙarfe. In ramukan tsatsa sun ratsa bakin, gara a sani tun da wuri. Sai an daidaita baki a wannan dutsen ake hawa 4000 da 8000, ko dutsen nan rawaya na Beljiyam, a ƙare da fata. Mai gaggawar tsallake dutsen farko, fuskar mai saye ce za ta tona shi. Ku tuna gadon bayan aska shi ke ba bakin kusurwarsa; in ya riga ya zaizaye, ku liƙa masa tef. Wadda aka ƙera da lanƙwasasshen baki kuma, kada ku miƙe ta da ƙarfin tsiya.

Mariƙin ƙaho ko ƙashi, in bai karye ba, mai kawai yake nema. Na seluloyid, wato tsohuwar robar nan, shi ne abin tsoro: idan ya fara ruɓewa yana fitar da iska mai cin ƙarfe, har ya shafi asaken da ke kusa. Da kun ga tsatsa ta bi daidai inda mariƙin ya rufe, ku raba su nan take.

Wanzamanmu da yawa sun koma reza saboda cututtukan da jini ke yaɗawa, kuma sun yi daidai. Shi ya sa asaken iyaye ke kwance cikin zabira. In an kawo muku ɗaya daga cikinsu, ku tambaya ta wane ne, ku rubuta. Wataƙila ita ta yi askin sunan rabin unguwa. Ku wanke ta, ku shafe da sifirit, kada ku tafasa ta da mariƙinta. Ku busar, ku shafa mai, sannan ku gaya wa mai ita cewa daga yau ta fuska ɗaya ce.

Wassalam,
ɗan'uwanku a bakin dutse.