Bangon Hawa A Tsakar Gida Ba Makarantar Ɓarayi Ba Ce



A Illo, ko Lolo, ko Tsamiya, ko cikin garin Bagudo, duk saurayin da ya ce zai kafa katako a tsakar gida ya jera masa mariƙai don ya riƙa horar da jikinsa da hawa, amsa biyu zai samu. Ta farko dariya ce, a ce ya ga abin Turawa a waya ya ɗauko. Ta biyu ta fi ciwo: "Haura katanga za ka koya wa yara?" Mu a wurinmu duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai jawo karaya da gurguntaka a gidajenmu.

Mu fara da abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa. 'Ya'yanmu suna hawa, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Lokacin mangwaro suna kan reshe. Mu ne muke aikensu su hau kuka su tsinko ganyen miya, su hau ɗorawa, su sassabo wa awaki ganye da rani. Manyansu na hawan giginya, wadda tsawonta kan kai mita 20. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake ɗora nauyi a kan ƙafa maimakon hannu, ko yadda mutum zai gane hannunsa ya kusa saki, ko yadda ake sauka, wanda ya fi hawan wuya. Makarantarsu ita ce bishiyar kanta, jarrabawarsu kuwa faɗuwa.

Lissafin faɗuwa ba ya da wuya. Wanda ya suɓuto daga mita 3 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa. Daga mita 10 kuwa gudun ya kai kilomita 50, kamar babur ya yi karo da gini. Idan hannu ne ko ƙafa, mai ɗori ya gyara. Idan ƙashin baya ne ko kai, sai a ɗauki yaro daga bakin iyakar Benin a nufi Birnin Kebbi, wataƙila a ce a wuce Sakkwato, tafiyar sa'o'i, ga kuɗin mota, ga na asibiti. Wani ya dawo a kwance har ƙarshen rayuwarsa. Sai mu taru mu ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ce rigakafi ya fi magani bai fita daga imani ba.

To mu koma kan masu cewa abin Turawa ne. Ku je ku dubi tsohuwar kuka a bayan gari. A wurare da yawa na ƙasar Hausa da maƙwabtanta za ku tarar an bubbuga mata turaku a jiki, ɗaya sama da ɗaya, don mai hawa ya samu wurin kamawa da wurin takawa. Mene ne wannan in ba bangon hawa ba? Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, itatuwa ne suka fito daga jikinta tun daga ƙasa har sama, a kansu magina ke takawa in za su yi yaɓe. Haka babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka yi gininsa na yanzu a 1907: itacen giginya ne aka soke a bangonsa, duk shekara mutanen gari su hau su sabunta masa yaɓe. Ashe kakanninmu sun riga kowa sanin cewa bango yana hawuwa in an sa masa mariƙi.

Abin da Turawa suka ƙara ɗaya ne: sun raba koyo da haɗari. A 1964 wani malamin motsa jiki mai suna Don Robinson ya manna duwatsu a bangon wani lungu na Jami'ar Leeds a Ingila, don masu hawan dutse su riƙa horo da damina da hunturu, kada jikinsu ya mutu su je su ji ciwo a dutsen gaske. A 1988 Wolfgang Güllich na Jamus ya ƙera wani allo mai jerin katakai a birnin Nuremberg don ƙarfafa yatsu, kuma da wannan horon ya haye wani dutse a 1991 wanda ya zama ma'aunin wahala a duniyar masu hawa. Katako ne da ƙusa, ba wani sihiri ba.

Yau abin ya zama wasan Olamfik. An fara shi a gasar Tokyo da aka yi a 2021. A gasar Faris ta 2024, wanda ya ci zinare a tseren hawan bango mai mita 15 ɗan Indonesiya ne, Veddriq Leonardo, cikin daƙiƙa 4.75. Kafin shi, a 2019, 'yar ƙasarsu Aries Susanti Rahayu ta zama mace ta farko da ta haye wannan bango cikin ƙasa da daƙiƙa 7, da ɗankwalinta a kanta. Mu da muka mayar da su a kogi gasar da duniya ke zuwa kallo a Argungu tun 1934, mu ne za mu ce aikin hannu ba ya zama wasa? Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki kokawar dandali sun yi mata takobin ƙasa tun 1975. Babu wanda ya ce musu abin baƙi ne.

Sai maganar sata, wadda ita ce ainihin abin da ke cin ran mutane. Ɓarawo ba ya shafe wata shida yana horar da yatsunsa. Tsani yake nema, ko kafaɗar abokinsa, ko ƙofar da aka manta ba a kulle ba. Abin da ke sa yaro sata rashin tarbiyya ne da zaman banza da ƙwaya, ba ƙarfin damtse ba. Ba mu rufe maƙera don ana aikata ɓarna da wuƙa ba. Ba mu hana samari koyon babur don miyagu na hawansa ba. Yaron da ke cikin gida bayan la'asar yana gumi a gaban mahaifinsa ya fi wanda ba a san inda ya shiga ba kwanciyar hankali ga iyaye.

Akwai ƙorafi ɗaya da muka yarda yana da tushe, shi ne leƙen gidan maƙwabta. Gidajenmu a manne suke, kuma mutuncin tsakar gidan wani ba abin wasa ba ne. Amma maganin wannan a hannun mai gini yake. Kada bangon ya wuce katangar gida, kada a jingina shi da katangar da ta raba ka da maƙwabci, kuma a sanar da maƙwabcin kafin a buga ƙusa ta farko. Horo ba ya bukatar tsawo. Wanda ya yi ta bin bango a kaikaice, daga wannan gefe zuwa wancan, ƙafarsa ba ta fi kamu biyu daga ƙasa ba, zai gaji kafin minti uku. Kuma saboda abin a cikin gida yake, 'yan mata ma sun samu wurin motsa jiki ba tare da idon kowa ba.

Yanzu mu juyo kan samarinmu masu zumuɗi, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada wanda ya soke ƙarfe a katangar ƙasa ko a bulo mai rami ya ce ya yi bangon hawa. Ƙasa tana jiƙa da damina ta saki, bulo yana fashewa, mariƙi ya zo maka a hannu ka faɗo ta baya. A yi masa ƙafafunsa na kansa da katako mai kauri, a dasa su cikin siminti, a tokare ta baya, a shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. A sa filawud mai kaurin milimita 18, falle biyu ko uku sun isa, tsawo kada ya wuce mita biyu da rabi zuwa uku. Mai farawa ya bar shi a tsaye ko ya ɗan karkato shi kaɗan. Mariƙai ba sai an yi odarsu daga waje ba: masassaƙin da ke fafe turmi zai fitar da su daga guntayen ƙirya ko maɗaci, a goge kaifinsu sumul, a ɗaure kowanne da noti ta bayan allo. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe nauyin mutum. Duk mako a bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙara ɗaurewa, a rufe allon da leda in hadari ya taso.

Abin da ya fi bangon muhimmanci shi ne ƙasan da za a faɗa. A nan Allah ya hutar da mu, don ƙasarmu ta shinkafa ce. Ɓuntun da ake tarawa a bayan injin casa, a cika buhuna da shi, a jera su ba tare da rata ba, a shimfiɗa tsohuwar katifa a kai. A kawar da turmi, da murhu, da bokiti daga wurin. Darasin farko ga yaro shi ne yadda zai diro a kan ƙafa biyu, ya lanƙwasa gwiwa, ya mirgina, kada ya tare ƙasa da hannu. Kuma a sani jijiyoyin yatsu ba sa ƙarfi da saurin tsoka. Yaron da bai gama girma ba kada a bar shi yana lilo da yatsu kaɗai irin na Güllich, don ƙashin yatsunsa bai gama haɗewa ba, yana iya tsagewa. Kwana uku a mako ya wadatar, da sassafe ko da yamma, ba cikin zafin Afrilu da tsakar rana ba.

Wani zai ce, ina ribar? Ƙasarmu kwarin kogin Kwara ce, ba mu da Kwatarkwashi ko Kufena ko Zuma a bayan gida. Amma muna da samari masu neman shiga soja, kuma a Daffo na Zariya, wanda ke horar da kurata tun 1924, ana tsallake shinge ana hawan igiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna da masu hawa rufi suna kafa sola, da masu buga kwano, da masu hawan turakun lantarki. Muna da yaran da gobe ma za mu aika su kan kuka. Kowannensu gara ya fara sanin iyakar ƙarfinsa a inda faɗuwa ba ta wuce a tashi a kakkaɓe riga ba.

Ba sai mun jira gwamnati ta gina mana filin wasa ba. Gida ɗaya a unguwa, kafinta ɗaya, samari biyar su haɗa kuɗin filawud, babba ɗaya ya tsaya a kansu. Wanda ya ce kada a yi, ya gaya mana inda yake so yaran su koya, tunda hawan dai ba za su daina ba. Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki, muna saurare.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa mu dace.