Sharhi: Jiragen ruwan shaƙatawa sun fi daɗewa a ɗaure fiye da kan teku

A watan Janairun 2025, Bafaranshe Charlie Dalin ya lashe gasar Vendée Globe, bayan ya zagaya duniya shi kaɗai cikin kwana 64 a jirgin ruwa mai tafiya da iska. Irin wannan labari ne ke sa a ɗauka cewa masu jiragen shaƙatawa kullum suna kan teku. Sai dai galibin jiragen nan a tasha suke kwana, a tasha suke wuni.

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna haka. A arewacin Turai da arewacin Amurka, lokacin fita teku bai cika wuce wata 6 ba, domin idan sanyi ya kama akan ɗaga jirage zuwa tudu a lulluɓe su. Wata 6 na da ƙarshen mako 26, wato kwana 52. Ma'aikacin da ya fita kowace Asabar da Lahadi ba fashi, kashi ɗaya cikin bakwai na shekara kawai ya samu. A cikin wannan ma sai an cire ranakun da iska ta yi yawa ko ta ɗauke, da lokacin da janyewar teku ta hana fita, da ranar da ba a samu abokan tafiya ba, da kwanakin gyaran inji da kankare gindin jirgi.

Amma kashe kuɗi ba ya tsayawa. Kuɗin wurin ɗaurewa, inshora, haraji da fenti duk na shekara ne, ko an fita ko ba a fita ba. Saboda haka tashoshin ajiya da masu gyara sun fi dogara da jirgin da ke ɗaure. A Amurka, inda jiragen shaƙatawa masu rajista suka haura miliyan 11, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce ke kwance.

Kasuwa ta lura da giɓin. Kamfanin Freedom Boat Club, wanda aka kafa a Florida a 1989 kuma Brunswick ya saya a 2019, yana karɓar kuɗin wata daga mambobi, su ɗauki jirgi ranar da suke so ba tare da sun mallaka ba. A Faransa, Click&Boat ya fara a 2013 yana haɗa masu jirage da masu neman haya ta intanet.

Akwai kuma matsalar muhalli. Tun shekarun 1960 ake ƙera yawancin jiragen da haɗin roba da zaren gilashi, wanda ba ya ruɓewa kamar katako, kuma yana da wuyar sake sarrafawa. Jirgin da mai shi ya tsufa ko ya gaji da ɗawainiyarsa yakan zama juji a bakin ruwa. Wannan ya sa a 2019 Faransa ta fara tsarin da ƙungiyar APER ke wargaza tsofaffin jirage kyauta, ana biyan aikin da wani kaso na kuɗin sabbin jirage da na haraji.

Najeriya na da abin dubawa a nan. Legas na da kulob ɗin jiragen shaƙatawa tun 1932, kuma ba ta da sanyin da ke rufe harkar rabin shekara. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kula da tattalin arzikin teku. Idan za a zuba jari a yawon shaƙatawa kan ruwa, yawan jiragen da aka saya ba zai zama ma'aunin nasara ba. Sa'o'in da suke yi suna aiki ne ke samar wa matuƙa da makanikai abin yi. Don haka ya dace a ba tsarin haya da mallakar haɗin gwiwa fifiko, a kuma fayyace tun ranar rajista wanda zai ɗauki nauyin kawar da jirgi idan ya tashi daga aiki.