Motar da ta ƙi tashi bayan gyaran tof: a auna kafin a saya

Gyaran kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, yana cikin ayyukan da suka fi cin kuɗin mai mota. Inji ya yi zafi har ya ƙona gasket, an sauke tof, an kai an goge shi, an mayar. Sai a murɗa makulli, kik ya yi ta juyawa, mota ta ƙi tashi. Daga nan ake buɗe ƙofar asara ta biyu. A ce fulogi ne, a sayo. A ce famfon mai ne, a aika yaro Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Panteka in a Kaduna ne. In duk ba su yi ba, a ɗora wa birenbos laifi.

Ra'ayina shi ne, bai kamata mai mota ya fitar da ko sisi don sabon kaya ba sai an nuna masa awon da ya tabbatar da mutuwar tsohon. Famfon da ke aiki ranar da aka sauke tof ba ya mutuwa don mota ta kwana uku a gareji. Laifin yakan kasance a cikin abin da hannu ya kwance ya ɗaura.

Injin fetur yana bukatar mai haɗe da iska, da wutar fulogi, da matsi a cikin silinda, kuma dole kowanne ya zo a kan lokacinsa. Wannan daidaiton lokaci shi ne taimin, shi ne kuma abin da ya fi shiga haɗari idan aka sauke tof. Karanshaf da ke ƙasa yana juyawa sau biyu kafin kamshaf da ke sama ya juya sau ɗaya, bel ko sarƙa ce ke haɗa su, kuma sai an cire ta tof zai fita. In aka mayar da ita da kuskuren haƙori ɗaya, mota na iya tashi tana karkarwa. In kuskuren ya fi haka, bawul zai buɗe a lokacin da ya kamata ya rufe, matsi ya zube. Alamarsa ba ta ɓuya ga mai saurare: inji zai riƙa juyawa da sauri, sakayau, ba tare da nauyin da aka saba ji ba.

A nan ne naci yake zama ɓarna. A injuna da yawa, fistin da bawul suna amfani da wuri ɗaya a lokuta daban, don haka idan taimin ya kauce sosai sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe. Injin lita 2.4 na Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 irin wannan ne. Na lita 2.2 a Toyota Camry ƙirar 1997 zuwa 2001 ba ya karo, shi ya sa bakaniken da ya saba da shi zai iya ɗaukar sakaci zuwa motar da ba ta yafiya. Masu cewa a tura ta ko za ta kama, su tuna cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙa'idar aikin ba ta da tsada. Kafin a taɓa makulli, a juya inji da sufana zagaye biyu cikakku, a ga ko alamomin taimin sun dawo mazauninsu, a ji ko wani abu ya tokare. A cire fulogogi a tabbatar ruwa bai zauna a silinda ba, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin. A bi soket ɗin sansar karanshaf da na kamshaf, da wayar at da ake ɗaurewa a jikin inji, tun da mantuwa da ɗaya ta isa ta hana wuta ko feshin mai. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da mahaɗar na'urar bincike. Lambar P0016 tana nuna saɓani tsakanin karanshaf da kamshaf, P0335 kuma tana nuni ga sansar karanshaf ko wayarta. Daga nan a auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen inji yakan ba da abin da ya haura psi 120, kuma silindu biyu maƙwabta da suka faɗi tare sukan tona asirin gasket ɗin da bai zauna ba.

Kanikawa ma suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Mai mota zai biya dubbai don kaya saboda yana ganinsu da ido, amma a ce ya biya kuɗin awa biyu na bincike sai ya ga an cuce shi. Wanda ba a biyan tunaninsa ba zai sayi ma'aunin matsi ko sufanar awon ɗauri ba, alhali kusoshin tof suna da jerin ɗauri da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, wasu ma ba a maimaita su. Mu masu motoci muna da hannu wajen raya canki-canka.

Saboda haka a yi yarjejeniya tun kafin a kwance noti ɗaya. Kuɗin aiki ya haɗa da tayar da mota, a biya kuɗin awo da daɗin rai, a kuma rubuta sakamakon a takarda. Idan bakanike ya ce a sayo wani abu, tambaya ɗaya ta wadatar: “Oga, me aka auna, kuma nawa ya nuna?” Gwani zai amsa da lamba. Wanda ya amsa da “sai mun gwada” yana shirin koyon aiki ne da aljihunka.