Borin jini, bitamin D da masu tallan magani

Ƴan uwa matasa, yau maganar borin jini za mu yi. Jiki ya yi rudu-rudu, ƙaiƙayi ya hana barci, kafin gari ya waye abin ya lafa, da yamma ya fito a wani wuri. In ya wuce mako 6 yana zuwa yana komawa, likitoci na ɗaukar sa ciwo mai daɗewa, kuma yakan kai shekaru. Wani sinadari ne, histamin, ke zuba a cikin fata fiye da kima. Ba ya yaɗuwa, ba ƙazanta ke kawo shi ba.

Yanzu ana ta yaɗa wa a WhatsApp da TikTok wai bitamin D ne maganinsa. To, akwai ƙanshin gaskiya, amma an ƙara gishiri. Bincike da dama sun nuna masu wannan ciwo sukan fi sauran mutane ƙarancin bitamin D a jini. A 2014, a Jami'ar Nebraska ta Amurka, an raba majinyata 42 gida biyu: wasu na shan UI 4000 a rana, wasu UI 600, har mako 12. Masu shan mai yawan sun fi samun sauƙi. Sai dai fa mutum 42 ne kawai, kuma dukansu suna shan maganin borin jini na asibiti a lokacin. Ke nan bitamin D taimako ya yi, bai maye gurbin magani ba.

Wani zai ce ai mu a Madarunfa rana har ta yi mana yawa. Haka ne, fata na haɗa bitamin D da hasken rana, amma baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. Wani babban nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya gano kusan mutum 1 cikin 3 a Afirka na da ƙarancinsa, mata da mazauna birni sun fi shiga ciki. Mu tuna da uwayenmu da ƙannenmu da ke wuni cikin ɗaka, da wanda ke da tabki a bayan gari amma bai iya sayen kifi ko ƙwai.

Abin da ya fi damuna shi ne inda mai ciwon ke ƙarewa: wurin mai tallan magani a tire, ya saya dexa. Wallahi ƙaiƙayin zai tsaya, shi ya sa ake komawa. Amma shan deksametazon wata da watanni na kumbura fuska, ya kawo ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wanda ya daɗe a kai kuma, barinsa lokaci guda haɗari ne, sai likita ya rage masa a hankali. Shi ma bitamin D in ya yi yawa yana taɓa ƙoda. Maganin farko da aka sani shi ne irin su setirizin da loratadin, masu tare aikin histamin.

Don haka kiranmu ga hukumomin lafiya na Madarunfa da Maraɗi: a tabbatar kowace CSI na da waɗannan magunguna a farashin da talaka zai iya. A samar da hanyar awon bitamin D ga masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A sa ido kan dexa da ake sayarwa kamar alawa a kasuwanninmu, daga Madarunfa har Ɗan Isa.

Mu kuma mu daina tura duk bidiyon da ya faɗo mana. In kana da mai wannan ciwo a gida, ka raka shi asibiti. In leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, a tafi nan take, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.