Sarkin Ci Yana Cikin Ka, Ba Cikin Tumbi Ba

Tun shekarar 2021, da hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da allurar nan Wegovy mai rage ƙiba, masu hali a ƙasashen Turawa suke rububinta. Manomi a Dambatta ko Bici ko Kunci zai ce, ina ruwanmu, mu da rumbunmu kan yi ƙasa tun watan Yuli, gero bai nuna ba? To, muna ganin da ruwanmu, gama ilmin da ya haifi allurar nan ya haska mana wani abu game da tamowa, ciwon da ke ɗauke mana 'ya'ya kowace damina.

Ga yadda abin yake. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa, masana na ce da shi haifotalamas. Cikin 1940 Hetherington da Ranson suka ɓata wani sashe nasa a kawunan ɓeraye, sai ɓerayen suka yi teɓa. Cikin 1951 Anand da Brobeck suka ɓata wani sashen dabam, sai ɓeraye suka ƙi ci, ga abinci a gabansu. Sa'an nan cikin 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano leftin, watau saƙon da kitsen jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa don ta san yawan ajiyar da ta rage. Cikin 1999 kuma masanan Japan suka gano girelin, saƙon tumbi mai cewa ana jin yunwa. Allurar nan kuwa kwaikwayon saƙon hanji take yi, mai cewa an ƙoshi.

Ashe ke nan ci da ƙin ci ba hali ba ne kurum. Mai teɓa ba lalle haɗama ce ta yi masa yawa ba. Haka kuma, abin da ya fi damunmu, yaron da ya ƙi kunu ba taurin kai yake yi ba. Idan yaro ya rame bayan yaye, gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓi ya shige shi, cutar takan sa jiki ya aika da saƙon da ke rufe ƙofar ci, alhali a lokacin ne ya fi bukatar abinci. Mu kuwa sai mu ce kambun baka ne, ko mu danne shi mu yi masa ɗure, kunun ya bi ta huhu.

Saboda haka ne ma'aikatan lafiya, bayan sun auna damtsen yaro sun ga ya kasa santimita 11.5, sukan miƙa masa ƙullin gyaɗar nan mai madara, su zuba ido. In ya ci, a ba uwar ta tafi da shi gida. In ya kau da kai, kwanciya asibiti ta kama shi nan take. Da wannan gyaɗa aka ceci dubban yara a Maraɗi cikin yunwar 2005.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni, da limamai da ungozomomi, su kai maganar nan kowane gida: yaro ramamme in ya ƙi abinci, kada a kwana da shi, sai asibiti. Hukuma kuma ta ga ƙullin nan bai yanke a ɗakunan shan magani na ƙauye ba, tun ba cikin marka ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, yaran nan kuwa su ne manoman gobe. Allah ya sa mu gane.